Hantar da Ta Yi Kitse

Ni dai ban san gefen da hantata take ba sai da ƙanena ya kwanta. Da an tambaye ni kafin nan, hagu zan nuna, wajen zuciya, don a nan nake jin komai. Ashe a dama take, ƙarƙashin haƙarƙari, ta shekara arba'in da ɗoriya tana aikinta ban taɓa ce mata sannu ba.

Mu huɗu Inna ta haifa, ni ne na fari, shi ne auta. Ina da shagon taya da batir a bakin tashar Jabi, iyalina kuma suna Masaka, don hayar cikin gari ba ta irinmu ba ce. Auta tela ne, shagonsa na Karshi. Ciwon ya fara masa da kasala da ƙin abinci, sai idanu suka yi ɗorawa. Aka ce shawara ce, aka yi ta jiƙe-jiƙe da saƙe-saƙi. Kafin mu farga mu kai shi asibiti a Abuja, ciki ya kumbura, ƙafa ta ƙi shiga takalmi.

Likitar da ta karɓe shi 'yar Filato ce, gajera, mai saurin magana, Hausarta irin ta Abuja wadda ba ruwanta da mace da namiji. Ba ta yi mana kwana-kwana ba. Ta ce hantarsa ta gama, magani sai dai ya ja mana lokaci. Abin da ya rage dashe ne, kuma ba a nan ba, sai Indiya. Za a yanki wani ɓangare na hantar mai rai a sa masa, ta mai bayarwar kuma ta sake girma da kanta.

Ba maganar kuɗi zan yi ba. 'Yan'uwa da 'yan tasha da mutanen masallaci sun yi abin da Allah kaɗai zai biya su. Maganar ita ce, hantar wa? Ƙanwata mai bi mini, jininta bai dace da nasa ba. Mai bi mata kuma aka tarar shi ma yana ɗauke da ƙwayar cutar hantar bai sani ba, ya je taimako ya dawo da nasa maganin a leda. Saura ni. Aka ɗebi jinina, ya dace, ba ƙwayar cuta, ba komai.

Duk wanda ya ji labarin sai ya dafa ni ya ce, "Ai ɗan'uwa rabin jiki." Na ji ta har ta fara ba ni haushi. Su a baki suke faɗa, ni kuwa da wuƙa za a auna rabin. Tsoro nake ji, wallahi, tsoro mai hana zama wuri ɗaya. Amma ko sau ɗaya ban yi tunanin fasawa ba. Yaron nan a kafaɗata ya koyi kallon kasuwa.

Likita ta ce gwajin jini mataki na farko ne kawai. Sai an yi wa hantar kanta hoto an ga ko za ta bayu, amma a fara da fasfo da neman biza, in tafiya ta matso sai a yi hoton ya zama sabo. Muna fita ta ce mini, "Oga, ka kula da jikinka fa. Muna so ka yi ƙarfi." Inna na tsaye a bayana. Cikin duk bayanin da aka yi ranar, wannan kalmar ta ƙarfi ita ta ɗauka ta ƙulle a bakin zane.

Inna ta baro Zariya tun farkon ciwon, muka kwaso auta daga Karshi, duk suka tare a gidana. Wanda ya san iyayenmu na da ya san kunyar ɗan fari. Inna ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni, ba ta zama in na zauna. In tana da magana sai ta kalli matata ta ce, "A gaya wa mai gidan nan kaza," alhali ga ni a tsaye ina ji. Auta kuwa ɗan lele ne, da hannunta take ba shi kunu. Na saba, ban taɓa riƙe abin a raina ba.

To, daga ranar da likita ta yi maganar nan Inna ta ƙwace kicin daga hannun matata. Da safe kunun gyaɗa da sukari har cokali na neman tsayawa, ga waina da zuma. Kafin in fita a miƙo mini lemon kwalban nan mai duhu an juye masa madarar gwangwani, wai na ƙarin jini. A ƙunsa mini dambun nama da alkaki in tafi da su shago. In na dawo, tuwon shinkafa da miyar taushe, man shanu na yawo a kai, ga farfesun ƙafar sa, ga fura da nono. Kullum kuma sai an aika wajen mai tsire an gaso hanta, don a cewar Inna hanta ita ke gina hanta. Ba ta kawo mini da kanta. Ta bakin ƙofa take leƙen kwanon in an fito da shi, in ta ga saura sai in jiyo ta tana cewa, "A mayar masa. Mutumin da za a yanka ba ya rage abinci."

Ni kuma na ci. Me zai hana? Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Inna ta damu da cikina haka ba, kuma daɗi na ji, ba zan yi ƙarya ba.

Auta yana kwance a tabarma yana fama da nasa abincin marar gishiri, yana bin kwanona da ido. Ciwo bai kashe masa baki ba. Sunan da ya raɗa wa hantata shi ne ajiya. Ina sallama zai ce, "Yaya, ya ajiyata? A dai riƙa lallaɓa ta a ramukan hanyar Nyanya." Wata rana ya ƙare mini kallo irin na tela ya ce, "Wandon nan naka kuka yake yi. Kawo in saki ƙugun kafin ya tona maka asiri a tasha." A tashar ma kowa yabo yake: "Alhaji, ka murmure fa! Wannan hutun a ina?" Na yi ɓul-ɓul, wuya ya cika, ni da kaina ina jin na zama ƙaƙƙarfa.

Da biza ta kusa, aka kira mu hoto. Inna ta yafa mayafi ta ce a gaya wa mai gidan nan da ita za a je. Aka kwantar da ni, aka shafa mini wani abu mai sanyi da yauƙi a ciki, aka riƙa murza na'urar ƙarƙashin haƙarƙarina ana cewa in ja numfashi in riƙe. Mai hoton ya daɗe a wuri ɗaya. Ya fita ya kira likita, ta zo ta karɓi na'urar da kanta. Ni ina kwance ina karanta fuskarta, ban ga abin da nake so ba.

Ta juyo mana da allon. Ta nuna wani abu mai duhu ta ce ƙoda ce. Ta nuna wani babba a samansa, fari tas, ta ce, "Wannan hanta naka ne. Ya kamata kalansu ya yi kusa da juna. Ka ga yadda yake haske? Ya yi kitse sosai."

"Alhamdulillahi!" in ji Inna daga kan kujera. "Masha Allah. Ai na ce a ci."

Ban taɓa jin muryarta da alfahari haka a kaina ba. Har gyara zaman mayafi ta yi. Likita ta tsaya tana kallonta, ta kalle ni, sannan ta jawo kujera ta zauna a gabanta.

"Mama, ba abin murna ba ne."

Ta yi bayani a hankali. Ta ce in aka yanko hanta, sai ta ɗan zauna ba jini kafin a ɗinke ta a jikin marar lafiya. Lafiyayyar hanta tana jure wannan, jini na dawo mata sai ta farka ta kama aiki. Mai kitse kuwa sau da yawa ba ta farkawa. Sannan guntun da za a bar mini shi zai riƙe ni har ya girma, in shi ma kitse ne ya cika shi, ba lalle ya iya ba. "In mun tura wannan hoto Indiya, ba za su taɓa shi ba," ta ce. "Ba wanda zai yarda ya rasa mutum biyu garin ceton ɗaya."

Ta tambayi abin da nake ci. Inna ta fara lissafawa da ƙarfinta, kunu, waina, man shanu. Tana zuwa kan lemo da madara muryar ta yi ƙasa, ba ta kai fura ba ta yi shiru. Likita ta yi saurin cewa kitsen ba na wata ɗaya ba ne, zaman shago da shayi mai sukari na shekaru su suka fara tara shi, wannan ƙari ne kawai ya yi. Kuma yana narkewa. A bar sukari, a bar maiƙo, a rage tuwo, a yi tafiyar ƙafa har a yi gumi, bayan wasu makonni a sake dubawa.

Na ce, "Shi kuma zai iya jira?"

Ta ce, "Za mu yi iya ƙoƙarinmu."

Cunkoson Mararaba ya riƙe mu ranar har la'asar ta wuce. Sai da muka hango Masaka Inna ta ce, tana kallon taga, "Ni duk tsawon raina ban taɓa jin an zagi kitse ba sai yau."

Daga nan zama ya ƙare mini. Da sassafe in na iso Jabi ba na buɗe shago, sai in gangara bakin tafkin Jabi in shiga cikin masu motsa jiki. Su da gajeren wando da takalman gudu da abin jin waƙa a kunne, ni da kaftani da silifa ina haki kamar wanda ya biyo ɓarawo. Direbobin tasha suka samu abin yi: "Alhaji, ina motar ta lalace? A kawo maka igiya?" In ce musu uwar motar ce ta lalace. Da yamma in sauka daga bas tun kafin a kai gida in ƙarasa da ƙafa, ƙura da hayaƙi duk in shaƙa. Kowane kemis da ke da sikeli a hanyar nan ya san ni. In hau na wannan, in bai yi mini daɗi ba in ce ya lalace, in tsallaka titi in hau na wancan.

Yunwa kuma ta fito da halina. Da ma ni ba mai sanyi ba ne. Wani ya taya taya da rainin hankali na ce ya ajiye mini kayana ya je ya hau jaki. Ko a sahun sallah sai in tsinci hannuna yana danna gefen cikina, kamar zan ji ko ya ragu. Waya na ƙara hantar cikina ta kaɗa, in ce kaɗa da kyau, ko Allah zai sa kitsen ya zube.

Auta kuwa ƙasa yake yi. Aka fara kai shi ana zuƙe masa ruwan ciki, a dawo da shi, kwana kaɗan ya sake cika. Barkwancin ya ragu. Wani lokaci sai ya rikice, ya kalle ni ya kira ni Baba, mahaifinmu da ya daɗe da rasuwa. In ya dawo hayyacinsa ya ce, "Yaya, ka rame." In ce ai haka ake so. Ya ce, "To yi sauri." Da wasa yake faɗa, amma ni ba wasa nake ji ba.

Abin da ya ɗaure mini kai, duk wannan wahala sikeli da ƙyar yake motsi. Abincina ya koma zogale da kabeji da ɗan wake, to ina matsalar take? Wata Asabar da rana ina cin kwaɗon zogale, sai na ji wani ƙamshi da na sani tun ina yaro. Na tona ƙasan kwanon da cokali. Man shanu ne kwance, an lulluɓe shi da ganye.

Na yi kan matata da faɗa, na faɗi abin da bai kamata ba. Ta bari na gama ta ce, "Ni ka raina. Ka san wanda ke riƙe da ludayi a gidan nan."

Inna na bayan ɗaki a kan tabarma tana tsince shinkafa a faranti. Na haɗiye abin da ke bakina, don uwa uwa ce ko me ta yi. Na durƙusa na ajiye kwanon a gabanta.

"Inna, kin ji abin da likita ta ce."

Ba ta ɗago ba. Na zaci za ta kira matata ta ba ta saƙo kamar kullum. Sai na ji ta ce, "Na ji. Ba kurma ba ce ni."

"To me ya sa? Yaron nan ni yake jira. Kowane cokali na wannan kwana ne ake ɗebe masa."

Ta ture farantin. Ranar ta kalle ni ido cikin ido, har ni na sunkuyar da kai.

"Kai ka iya lissafi, to lissafa mini. In na hana ka, ka rame, su ɗauke ku ku biyu su kai wata ƙasa su shigar da ku ɗaki ɗaya da wuƙa. Matar nan da bakinta ta ce ana iya rasa biyu. In na ba ka, na kashe wancan. Kullum in na ɗauki ludayin nan sai na ce yau ba zan sa ba. Sai in ga wuyanka ya fito, hannuna ya sa da kansa." Ta goge ido da gefen mayafi. "Shi na san ciwonsa. Kai lafiyarka ƙalau, da ƙafarka za ka je ka kwanta. Wace uwa aka taɓa cewa ta zaɓa?"

Ni da na ɗauka kiwona ake yi saboda auta. Tausayinta ya kama ni, haushi kuma bai sake ni ba. Da ƙyar na ce, "Inna, ba ke za ki zaɓa ba. Na riga na zaɓa. Ki yi mini addu'a kawai."

Ta ɗauki farantinta ta ci gaba da tsinta. Washegari ta mayar wa matata kicin. Da aka kwantar da auta a asibiti a makon, ta naɗe tabarmarta ta bi shi, ba ta sake kwana a gidan ba.

Daga nan sikeli ya fara sauka da gaske. Kaftanina suka koma kamar na aro. Mutanen da suka yaba ƙibata suka fara tambayata a asirce ko lafiya. Aka sake hoto, likita ta ce ya ragu amma da saura. Na ƙara ƙaimi, har jiri na ɗibata a bakin tafki in dafa bishiya in huta in ci gaba. A hoto na gaba aka sa ni cikin babbar na'urar nan mai kama da rami, aka auna girman hantar da jijiyoyinta da yadda za a raba ta, aka tura Indiya. Amsa ta dawo cewa ta yi. Likita har tafa hannu ta yi: "Oga, hanta naka ya yi kyau yanzu!" Na fita da gudu zuwa ɗakin da auta yake na gaya masa. Ya buɗe ido ya yi murmushi, ban tabbata ya gane ba. Inna ta ce Alhamdulillahi a hankali, tana kallon ƙasa.

Aka yanki tikiti. Sai zazzaɓi ya rufe shi. Likita ta ce ƙwayoyin cuta sun shiga ruwan cikin, ba jirgin da zai ɗauke shi a haka, a bari ya sauka tukuna. Aka ɗaga tafiyar. Ni kuma ban daina zagayen tafki ba, don tsoro nake kada kitsen ya dawo kafin ya warware. Ina cikin zagayen ne wata safiya wayar matata ta shigo. Ban ma bari ta gama ba. Na zauna a kan dakalin bakin ruwa, masu gudu suna wuce ni, ga lafiyayyar hanta a cikina ba mai karɓa.

Na koma wajen likita daga baya na tambaye ta gaskiya tsakaninta da Allah: da hoton farko ya yi kyau, da mun riga zazzaɓin nan tafiya? Ta ce ba wanda ya sani, wataƙila a can zai same shi, wataƙila jikinsa ba zai ɗauki aikin ba. Ta ce in daina wannan lissafin. Na san kwana ne ya ƙare, na yi imani da haka. Amma har yau in ina zaune a shago ba ciniki sai in tsinci kaina ina jera makonnin nan ina cirewa ina mayarwa. Ban taɓa yi wa Inna maganar ba, ita ma ba ta taɓa yi mini ba.

Ranar sadakar uku, bayan azahar, masu gaisuwa sun ɗan ragu, na shiga ɗaki na zauna a ƙasa. Tun rasuwar ban sa komai a cikina ba sai ruwa. Na ji an ɗaga labule, na zaci matata ce. Inna ce, da kwano a hannu. Ta durƙusa da ƙyar ta ajiye shi a gabana ta buɗe. Tuwon shinkafa ne da miyar taushe, ta zuba man shanu a fili, ba ɓoyo. Ta jawo ruwan wanke hannu ta matso mini da shi.

"Ci," ta ce. "Yanzu ba wanda ke jira."

Na wanke hannu. Ina kai loma hawaye na ɗiga a miyar, ita kuma tana zaune a bakin ƙofa ta juya mini baya, kafaɗunta na rawa. Ba ta tashi ba sai da ta ji na suɗe kwanon.